Wasan da Bai Ƙare Ba: Yadda Rabon Zinariya 64 Ya Haifi Lissafin Yiwuwa

Ranar 29 ga Yuli, 1654, Blaise Pascal yana kwance ba shi da lafiya a birnin Paris, amma ɗoki ya hana shi jiran samun sauƙi, ya ɗauki alƙalami. Wasiƙar Toulouse za ta tafi, kimanin kilomita 600 kudu da Paris, wurin Pierre de Fermat, mai shari'a a babbar kotun birnin wanda ke yin lissafi idan ya tashi daga aiki. Pascal yana da shekara 31 a lokacin, Fermat kuwa ya girme shi nesa ba kusa ba. Ba su taɓa ganin juna ba, kuma har suka bar duniya ba su haɗu ba. Abin da ya haɗa su wata tambaya ce da ta taso daga teburin caca.

Ga tambayar. Mutum biyu da ƙwarewarsu ta zo ɗaya, kowanne ya ajiye tsabar zinariya 32, suka amince cewa wanda ya fara cin zagaye uku shi zai kwashe duka 64. Na farko ya ci zagaye biyu, na biyu ya ci ɗaya, sai wani uzuri ya taso, dole a tashi ba a ƙarasa ba. Yaya za a raba kuɗin ba tare da an zalunci kowa ba?

Tambayar ta girmi su biyun. Luca Pacioli, malamin lissafi ɗan Italiya, ya kawo irinta a littafinsa da aka buga a Venice a 1494, ya ce a raba gwargwadon abin da kowa ya riga ya ci. A wannan wasa, mai biyu ya ɗauki kashi biyu, mai ɗaya ya ɗauki kashi ɗaya, wato kusan 43 da 21. A 1556 Niccolò Tartaglia ya nuna inda wannan fatawa ta karye: idan an tashi bayan zagaye ɗaya tak, wanda ya ci shi zai kwashe kuɗin gaba ɗaya, alhali wasan ko nisa bai yi ba. Shi kansa Tartaglia bai samo rabon da ya gamsar ba, har ya karkata ga cewa maganar ta fi kama da aikin alƙali. Shekara 160 kenan daga Pacioli zuwa wasiƙar Pascal, masana suna duban abin da ya riga ya faru suna neman amsa a cikinsa. Pascal da Fermat suka juya, suka ƙirga abin da bai faru ba tukuna.

Daga wannan juyi aka sami lissafin yiwuwa. Ƙa'idojinsa na asali ba su da yawa, kuma kusan kowace ɗaya an gano ta ne bayan wani mai kaifin basira ya yi tuntuɓe a kanta. Kurakuran nasu har yau ana maimaita su a asibiti da kotu da ofis, shi ya sa tarihinsu ya cancanci a bi shi daki-daki.

Ƙa'ida ta farko: a ƙirga hanyoyi

Mutane sun shafe dubban shekaru suna jefa abubuwa domin ƙuri'a ko caca. Girkawa da Rumawa sun yi wasa da ƙashin idon sawun tunkiya ko akuya, wanda ke faɗuwa a kan ɗaya daga ɓangarori huɗu. Ɓangarorin ba su yi daidai da juna ba, wani ya fi wani saurin fitowa, kuma kowane ƙashi da halinsa. Da irin wannan kayan wasa, da wuya mutum ya hango wata doka. Ƙashin da aka sassaƙa da kyau mai fuska shida daidai wa daida, irin ɗan lidon da yara ke jefawa a yau, shi ya sauƙaƙa tunanin.

Girolamo Cardano, likita daga arewacin Italiya wanda aka haifa a 1501, yana cikin waɗanda suka fara rubuta wannan tunani. Ɗan caca ne na gaske, kuma bai ɓoye hakan ba. Ya ce idan ɗan lido lafiyayye ne, a ƙirga dukan hanyoyin da zai iya faɗuwa, a ƙirga waɗanda ake so a cikinsu, a auna na biyun da na farkon. Yiwuwar fitowar shida ita ce 1 cikin 6. Yiwuwar fitowar ɗaya ko shida ita ce 2 cikin 6, domin fuskoki biyu ba sa fitowa tare a jifa guda, saboda haka ana iya tara su. Cardano ya mutu a 1576, littafin nasa kuwa bai ga injin ɗab'i ba sai 1663.

Ƙirga hanyoyi ya fi wuya a aikace fiye da yadda yake a baki. A farkon ƙarni na 17 aka kawo wa Galileo wata matsala. Masu jefa 'yan lido uku a lokaci guda sun lura cewa jimillar 10 ta fi jimillar 9 yawan fitowa, alhali kowacce haɗi shida ne ke ba da ita. Tara tana fitowa daga 1-2-6, 1-3-5, 1-4-4, 2-2-5, 2-3-4 da 3-3-3. Goma tana fitowa daga 1-3-6, 1-4-5, 2-2-6, 2-3-5, 2-4-4 da 3-3-4. Shida da shida, to daga ina bambancin ya zo?

Galileo ya nuna cewa haɗe-haɗen ba nauyinsu ɗaya ba. Haɗin 3-3-3 hanya ɗaya ce kawai ke kawo shi, sai kowane ɗan lido ya nuna uku. Haɗin 1-4-4 hanya uku ce, domin ɗayan yana iya faɗowa a kan na farko ko na biyu ko na uku. Haɗin 1-2-6 kuwa hanya shida ce. Jimillar hanyoyin duka ita ce 6 sau 6 sau 6, wato 216. A cikinsu 27 ne ke ba da goma, 25 ke ba da tara. Tazarar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, amma idon 'yan caca ya gan ta saboda yawan zama a teburi.

Wannan dabara ta jera abubuwa ta kowace fuska tana da tsohon tarihi. A ƙarni na 8, Khalil ibn Ahmad na Basra, wanda ɗaliban waƙar Larabci suka sani da ilmin aruli, ya yi amfani da ita wajen tsara ƙamusinsa Kitab al-Ayn: harafi biyu suna jeruwa ta hanya 2, uku ta hanya 6, huɗu ta hanya 24, biyar ta hanya 120. Hanya shidan da haruffa uku ke jeruwa ita ce dai hanya shidan da Galileo ya samu a haɗin 1-2-6. Kayan aikin sun daɗe a hannu, abin da ya rage shi ne a ɗora su a kan abin da ba a san yadda zai kaya ba.

Ƙa'ida ta biyu: a ƙirga rashin samu

Wanda ya kawo wa Pascal maganar rabon kuɗi shi ne Antoine Gombaud, marubuci kuma ɗan zaman majalisar manya, wanda aka fi sani da Chevalier de Méré. Yana da wata damuwa ta biyu. Ya san cewa wanda ya yi caca a kan fitowar shida aƙalla sau ɗaya cikin jifa huɗu yana da ɗan rinjaye. Sai ya yi ƙiyasi: ɗan lido ɗaya fuska 6 gare shi kuma jifa 4 ta isa, 'yan lido biyu hanya 36 gare su, saboda haka jifa 24 ta isa a sami shida da shida, tunda matsayin 4 a wurin 6 shi ne matsayin 24 a wurin 36. Amma ya gano cewa a jifa 24 rinjayen ya koma ɗaya ɓangaren. Pascal ya shaida wa Fermat cewa mutumin ya ɗauki abin a matsayin babban abin kunya, yana ta faɗa cewa lissafi ya ƙaryata kansa. Ya ƙara da cewa de Méré mutum ne mai basira ƙwarai, illa dai shi ba masanin lissafi ba ne.

Ruwa ba ya tsami banza. Hanyar gane inda ƙiyasin ya ɓaci ita ce a juya tambayar: ta hanya nawa za a yi jifa huɗu shida ba ta fito ko sau ɗaya ba? A kowace jifa fuskoki biyar ne ba shida ba. Hanyoyin rashin samu su ne 5 sau 5 sau 5 sau 5, wato 625, cikin 6 sau 6 sau 6 sau 6, wato 1,296. Abin da ya rage, 671, su ne hanyoyin da shida ta fito aƙalla sau ɗaya, kashi 51.8 cikin 100 kenan. Idan aka bi wannan hanya da 'yan lido biyu a jifa 24, abin da ke fitowa kashi 49.1 ne. Sai a jifa ta 25 yake haura rabi, ya kai kashi 50.6.

Ƙa'idoji biyu ne a dunƙule a nan. Ta farko, yiwuwar aukuwar abu da yiwuwar rashin aukuwarsa idan aka haɗa su suna cika ɗari bisa ɗari, saboda haka wanda ya san ɗaya ya san ɗayar. Ta biyu, idan ana son abubuwa da dama su faru dukansu, kuma babu wanda ke shafar wani, ninka yiwuwarsu ake yi.

Akwai wani kuskure da ya fi na de Méré yaɗuwa, shi ne tarawa a inda ya kamata a ninka. Mutum ya ce kowace jifa 1 cikin 6 ce, saboda haka jifa huɗu 4 cikin 6 ce. Da haka ne, da jifa shida ta tabbatar da fitowar shida, kuma duk yaron da ya taɓa zama yana jiran shida domin ya fito daga gida a wasan lido ya san ba haka ba ne. Tarawa tana halatta ne kawai tsakanin abubuwan da ba sa haɗuwa, jifa huɗu kuwa tana iya kawo shida sau biyu ko sau uku.

Ninkawa tana da hali ɗaya da ya kamata ma'aikaci ya sani: tana rage lamba da sauri. A ɗauka wani aiki sai ya ratsa matakai biyar, kowane mataki yana da yiwuwar kashi 90 cikin 100 ya kammala a kan lokaci, kuma jinkirin wani ba ya jawo na wani. Kowa a cikin mutum biyar ɗin zai iya bugun ƙirji ya ce ɓangarensa lafiya lau ne, amma yiwuwar aikin gaba ɗaya ya fita a kan kari kashi 59 ce kacal. Haka matashin da ya haɗa wasa goma a tikiti ɗaya a shagon cacar ƙwallo. Ko da a ce hasashensa a kowane wasa yana da yiwuwar kashi 70 cikin 100, wanda ba ƙaramin sani ba ne, yiwuwar goman su zo daidai ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Ilmin da aka haifa a teburin caca, ɗan caca ya fara yanke wa hukunci.

Yadda aka raba zinariyar

Pascal ya warware rabon ta bakin ɗan wasan da ke gaba. A ɗauka an buga zagaye ɗaya nan gaba. Idan mai biyu ya ci, 64 nasa ne. Idan ya faɗi, an koma biyu da biyu, kowa ya ɗauki 32. Saboda haka yana da hujjar cewa abokin wasansa: 32 dai nawa ne ko na ci ko na faɗi, sauran 32 ɗin kuwa ko ni ko kai, kuma damarmu ɗaya, sai mu raba su biyu. Ya tashi da 48, ɗayan ya tashi da 16.

Fermat ya bi wata hanya. Na farko yana buƙatar zagaye ɗaya, na biyu yana buƙatar biyu, don haka duk tsiya wasan ba zai wuce zagaye biyu nan gaba ba. Zagaye biyu suna iya kayawa ta hanya huɗu: na farko ya ci duka, ko ya ci na farkon ya faɗi na biyun, ko ya faɗi na farkon ya ci na biyun, ko ya faɗi duka. A hanya uku shi ke da nasara, a hanya ɗaya abokin wasansa. Uku cikin huɗu na 64 shi ne 48. Da Pascal ya ga hanyoyinsu sun haɗu a wuri ɗaya, ya rubuta cikin farin ciki cewa ashe gaskiya ɗaya ce a Toulouse da Paris.

Ba kowa ya gamsu ba. Gilles de Roberval, wani babban malamin lissafi a Paris, ya yi suka cewa Fermat yana ƙirga zagayen da ba za a taɓa bugawa ba, domin idan na farko ya ci zagaye na gaba wasa ya ƙare. Amsar ita ce, zagayen da ba a buga ba ba ya sauya wanda ya yi nasara, amma ƙirga shi ne ke sa hanyoyin huɗu su zama nauyinsu ɗaya. Wanda ya jefar da shi zai rage da hanya uku marasa daidaito, ya ɗauka daidai suke.

Shekara 100 cif bayan haka, a 1754, Jean d'Alembert, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na Faransa, ya faɗa wannan rami. Ya yi tambaya a kan yiwuwar samun ɓangaren kai aƙalla sau ɗaya idan aka wurga kwabo sau biyu, ya kawo hujjar cewa 2 cikin 3 ce, domin idan kai ya fito a wurgi na farko an gama. Amsar gaskiya 3 cikin 4 ce. Shi ma Gottfried Leibniz, wanda ba a bar shi a baya ba a fagen lissafi, ya taɓa rubuta cewa da 'yan lido biyu 11 da 12 yiwuwarsu ɗaya. Sha biyu hanya ɗaya gare ta, 6 da 6. Sha ɗaya hanya biyu gare ta, 5 da 6 ko 6 da 5.

Pascal bai daɗe a wannan fage ba. A watan Nuwamba na 1654 ya karkata ga sha'anin addini, kuma ya mutu a 1662 yana da shekara 39. Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya ji labarin matsalolin a ziyarar da ya kai Paris a 1655, ya warware su da kansa, ya buga ɗan littafi a 1657 wanda ya zama na farko da aka buga a kan fannin.

Kwabo ba ya riƙe bashi

Ba a jima ba lissafin ya bar teburin wasa. A 1662 John Graunt, wani ɗan kasuwa a Landan, ya zauna da takardun haihuwa da mutuwa da ake fitarwa mako-mako a birnin, ya gano cewa abin da ba a iya faɗa game da mutum ɗaya ana iya faɗarsa game da jama'a. Misali, haihuwar maza ta ɗara ta mata kaɗan, wajen 14 a kan 13. A 1693 Edmond Halley ya tsara jadawalin tsawon rai daga bayanan birnin Breslau, irin jadawalin da inshora da fansho suka ginu a kansa. A 1713, shekara takwas bayan mutuwar Jacob Bernoulli, aka buga littafinsa a Basel, inda ya tabbatar da hujja cewa yayin da gwaji ke yawaita, kason da ake gani yana matsawa kusa da yiwuwar gaskiya. John Kerrich, wani malamin lissafi da aka tsare a Denmark lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya gwada abin da hannunsa: ya wurga kwabo sau 10,000, kai ya fito sau 5,067. A 1933 Andrey Kolmogorov na Rasha ya ɗora fannin gaba ɗaya a kan 'yan ginshiƙai kaɗan, kuma a kansu ake koyar da shi har yau.

Sai dai dokar Bernoulli ta zo da tata rashin fahimtar. Mutane suka ɗauka cewa tunda abin yana daidaita a ƙarshe, to idan kai ya fito sau biyar a jere, ɓangaren baya yana bin bashi. Kwabo ba ya tuna abin da ya wuce. Daidaiton yana zuwa ne domin dubban wurgi na gaba suna nutsar da biyar ɗin farko, ba tare da wani wurgi ya rama wa wani ba. Pierre-Simon Laplace ya ba da labarin mazajen da ya gani masu ƙwaɗayin ɗa namiji, waɗanda hankalinsu ke tashi idan suka ji an haifi maza da yawa a watan da matansu za su haihu, suna ganin kason maza ya kusa ƙarewa, saura mata.

Wannan kuskure yana da tsada a ƙasar Hausa fiye da yadda yake da ita a Paris. A 1866 Gregor Mendel ya buga sakamakon gwaje-gwajensa a kan wani irin wake a Brno, inda ya nuna cewa gado yana bin lissafi irin na kwabo: kowane ɗaya daga iyaye yana ɗauke da ƙwaya biyu ta kowace siffa, kuma ɗaya yake bai wa ɗa. A 1910 James Herrick ya bayyana ƙwayoyin jini masu siffar lauje a Chicago, kuma a 1949 James Neel ya nuna cewa cutar sikila, wato amosanin jini, wannan tsari take bi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kashi 24 cikin 100 na 'yan Najeriya suna ɗauke da ƙwayar, kuma ana haifar yara kimanin 150,000 da cutar a ƙasar kowace shekara. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da wannan gwaji.

Idan miji AS ne, mata ma AS ce, teburin Fermat ne ya dawo. Hanya huɗu ce: A daga uba da A daga uwa, A da S, S da A, S da S. Ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. Daga nan ne maganar "ɗaya cikin huɗu" ta fito, kuma a nan ake yi mata fassara biyu marasa tushe. Wasu suna jin cewa cikin yara huɗu ɗaya ne zai kamu, ba ƙari ba ragi, wanda shi ne tara 1 cikin 4 sau huɗu. Wasu kuma, da ɗan fari ya zo da SS, sai su ɗauka an biya bashin, uku na gaba sun tsira, wanda shi ne tunanin mazajen Laplace. Kowane ciki sabon lissafi ne, 1 cikin 4, ko me ya faru a cikin da ya gabata.

Ga abin da ƙirgawa ke bayarwa ga irin waɗannan ma'aurata idan suka haifi yara huɗu. Hanyoyin duka su ne 4 sau 4 sau 4 sau 4, wato 256. Hanyoyin da babu SS ko ɗaya su ne 3 sau 3 sau 3 sau 3, wato 81, kusan kashi 32 cikin 100. Saboda haka yiwuwar samun aƙalla ɗa ɗaya mai cutar ta kai kashi 68. Samun ɗaya tak hanya 108 ce, kashi 42. Samun biyu ko fiye hanya 67 ce, kashi 26, wato fiye da gida ɗaya cikin kowane gida huɗu masu irin wannan hali. Idan yaran shida ne, yiwuwar samun aƙalla ɗaya ta haura kashi 82. Wannan ne ma ya sa labarin maƙwabcin da shi da matarsa AS ne kuma yaransu huɗu lafiya ƙalau ba ya zama hujja. Lissafin da kansa ya ce za a sami irinsa kusan sau ɗaya cikin uku.

Inda ninkawa ba ta halatta

Ƙa'idar ninkawa tana da sharaɗi, kuma wata mata a Ingila ta biya kuɗin mantawa da shi. Sally Clark lauya ce. Ɗanta na farko ya mutu farat ɗaya a Disamba 1996 yana da mako 11, na biyu ya mutu a Janairu 1998 yana da mako 8. Aka tuhume ta da kisan su. A shari'ar da aka yi a 1999, wani babban likitan yara, Roy Meadow, ya shaida wa kotu cewa a gida irin nata yiwuwar jariri ya yi mutuwar fuju'a wadda ba a san musabbabinta ba ita ce 1 cikin 8,543. Ya ninka lambar da kanta, ya ce yiwuwar hakan ta faru sau biyu ita ce 1 cikin kimanin miliyan 73. A watan Nuwamba na shekarar aka same ta da laifi, aka yanke mata ɗaurin rai da rai.

'Yan lido biyu ba su san juna ba, amma 'yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya sun haɗa jini, sun haɗa ɗaki da iska. Idan akwai wani lahani na gado ko na muhalli da ya kashe na farko, yana nan yana jiran na biyu, don haka mutuwar farko tana ɗaga yiwuwar ta biyu. Akwai kuma kuskure na biyu. Ko da lambar daidai ce, ba ita ce yiwuwar cewa matar ba ta da laifi ba. Mutuwar jarirai biyu ta riga ta auku, abin da ke gaban kotu shi ne auna bayani biyu da dukansu ba kasafai suke faruwa ba, domin uwa ta kashe 'ya'yanta biyu shi ma abu ne mai matuƙar wuyar aukuwa. A watan Oktoba na 2001 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito fili ta ce lambar ba ta da tushe. A Janairu 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, bayan ta bayyana cewa an sami sakamakon gwaji da ke nuna ƙwayoyin cuta a jikin yaro na biyu amma ba a gabatar da shi ba. Sally Clark ta fito bayan fiye da shekara uku a kurkuku, ba ta sake komawa daidai ba, ta mutu a watan Maris na 2007 tana da shekara 42.

Idan aka jera shari'ar nan da maganar sikila, za a ga kuskure biyu masu kishiyantar juna. Iyayen da suka ce ɗan fari ya biya bashi sun ƙulla alaƙa tsakanin abubuwan da ba su da alaƙa. Likitan da ya tsaya a gaban kotu ya yanke alaƙar da take akwai. Tambayar da ke raba su ɗaya ce, kuma ita ya kamata a fara yi kafin a taɓa kowace lamba: shin faruwar na farko tana sauya wani abu game da na biyu?

Lissafin yiwuwa ba ya da'awar sanin gaibu. Pascal bai san wanda zai ci zagaye na huɗu ba, kuma bai yi ƙoƙarin sani ba. Abin da ya nema shi ne rabon da mutum biyu za su karɓa su tashi ba tare da ɗaya ya cuci ɗaya ba, alhali dukansu ba su san gobe ba. Saurayi da budurwar da suka karɓo sakamakon gwaji mai rubutun AS da AS suna cikin irin wannan hali. Babu likitan da zai iya gaya musu yadda cikin fari zai kasance. Abin da za a iya shimfiɗa musu shi ne hanyoyi 256 ɗin nan, da 81 da babu cutar a cikinsu, da 175 da take ciki, domin shawarar da za su yanke da iyayensu ta kasance sun yanke ta da ƙirgen da yake daidai.